Yashin Suyar Gyaɗar Goggo Dela

Ku da kuka cika min waya da "Sa'adiyya, ki yi haƙuri ki bi zaɓin manya," na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Talatar nan tukuna, in ya so ku dawo da wa'azin.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Halima Sa'adiyya, shekarata ashirin da huɗu, na gama Poli a fannin injina. A Kazaure nake, gidan Baffa Muhammadu Lawal, yayan mahaifina. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Abbanmu, da Ummata ta yi aure a Ɓaɓura. Baffa tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ya yi Gwiwa, ya yi Roni, irin dattawan nan da ko goro za su saya a bakin titi sai sun ɗora babbar riga. Abu biyu yake ji da su a duniya: ɗansa Musaddiƙ, da farar Marsandinsa da yake kira Dattijuwa. Ta girme ni. A rumfar cikin gida take kwana, da kansa yake goge ta kowace safiya, carbinsa mai dubu na rataye a madubinta.

Yaya Musaddiƙ shi ne zaɓin gida, a yi tuwona maina. Ma'aikaci ne a sakatariya, kullum cikin farar shadda da hula a karye, in zai gaida Baffa sai ya durƙusa har ƙasa, murya can ciki kamar mai azumin nafila. Baffa dai ya ce ba zai yi min dole ba, kuma bai yi ba. Sai dai a gidanmu ko atishawa Yaya ya yi sai an kalle ni an ce, "Kin ga natsuwa."

Ni kuwa Ukasha nake so. Mai walda ne, garejinsa na bakin gari ta hanyar Roni, a gindin dutse. Goggo Dela, ƙanwar Baffa da ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mai tartsatsi" take ce masa. Baffa ya yi alkawarin ranar Juma'a zai faɗa ko Ukasha ya turo magabatansa ko ya haƙura. Wannan Juma'ar nake jira tun watan jiya.

Ukasha ba ƙofa da taga yake yi ba. Kun san yaran nan masu wasan mota, masu juya ta a fili tana zamewa a kaikaice, tayoyi na hayaƙi, wai su dirifti? To su ne masu kawo masa aiki, har daga Kano. Goshin mota na asali yana da nauyi, ga shi yana hana tayoyin gaba karkata yadda suke so, in kuma aka daki wani abu lagireto ke fara mutuwa. Sai Ukasha ya yanke goshin gaba ɗaya, ya ƙera wani da bututun ƙarfe, mara nauyi, a ɗaure shi da noti. In an yi karo bututun ne zai lanƙwashe, inji ya tsira, a kwance a sa wani. Ni nake zana masa yadda bututun zai bi, don shi a ido yake awo, ni a takarda. Wannan gida ba su sani ba. Sun ɗauka gidan ƙawata nake zuwa koyon ɗinki.

Injin lanƙwasa bututu ba ya hannun talaka. Dabarar Ukasha ita ce ya cika bututun da yashi maƙil, ya toshe baki biyu da katako, ya gasa wurin da wuta har ya yi ja, sannan ya lanƙwasa. Yashin ke hana ƙarfen lotsewa. Amma dole ya zama busasshe ƙarau. Wata rana da damina ya sa mai laima, tururi ya taru, toshiyar ta fita kamar harsashi ta huda kwanon rumfa. Har yau in rana ta take sai ta leƙo ta hudar.

Ni ce mai baki, na ce masa, "Ai na san inda yashi yake wanda bai san ruwa ba."

Goggo Dela gyaɗa marau-marau take soyawa, a cikin yashi, a wani ƙaton kasko a bayan madafi. Yashin nan daga wani rafi a bayan Roni ta zo da shi, ta tankaɗe shi, shekara da shekaru yana shan wuta, ya yi laushi kamar garin tuwo. Tana da buhu guda a ɗakin ajiya. Sai na fara ɗiba, kwano biyu yau, kwano uku jibi, in ƙulle in jefa a jakata a ƙarƙashin hijabi. Allah ya yafe min. Ranar da Ukasha ya fara gwada shi, bututun ya lanƙwasu sumul, gareji ya gauraye da ƙamshin gyaɗa. Ya kalle ni ya ce, "Sa'adiyya, ko don yashin nan sai na aure ki." Kun ji kalaman soyayyar mai walda.

Yanzu ga inda na fi jin kunyar faɗa.

Mako uku kafin Talatar nan Yaya Musaddiƙ ya ce wa Baffa injin Dattijuwa na ƙara, zai kai ta Kano wurin ƙwararre. Baffa har ya shi masa albarka. Bayan kwana biyu wani saurayi ya kawo wa Ukasha farar Marsandi babu lamba, ya ce a gyara ta don wasa. Ukasha bai taɓa wuce zaurenmu ba, bai san Dattijuwa ba. Ya sa injin yanka ya datse goshin.

Da na je da yashi, bayan motar a rufe yake da tamfol. Na tuɓe mayafi, na sa rigar aikinsa a kan atamfata, na ɗora hular walda, na haɗa masa gaɓa biyu da hannuna, don ya daɗe yana koya min. Sai da na buɗe ƙofa zan ɗauki ƙyalle na ga carbi a madubi. Na duba kujerar baya, ga tabon ƙunar da na yi da kaskon turare ina 'yar shekara bakwai. Na hau salati.

Ban gama salati ba sai ga babur ya tsaya. Wani ya sauko da wando yagagge a gwiwa, riga ta ɗame shi, hula baki a baya. Sai da ya cire tabarau na gane Yaya Musaddiƙ ne, mai azumin nafila. Ya kalle ni, na kalle shi. Shi ya riga ni dawowa hayyacinsa, ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto, hular walda a goshi, sandar walda a hannu, kaina ko ɗankwali babu.

"Ƙanwata," in ji shi, "ashe nan ne makarantar ɗinkin."

Na ce, "Yaya, ashe nan ne Kano."

Ya ce, "To kowa ya riƙe bakinsa."

Bayan ya tafi Ukasha ya ajiye guduma ya ce, "Yanzu zan je in gaya wa Baba. Ban sani ba na yanka, amma yanzu na sani."

Ni na hana shi. Na ce ya bari Juma'ar alkawari ta wuce, in an ba shi izini sai a faɗa. Ya ce bai so ba. Na yi masa kuka, ya haƙura. Kwana goma sha takwas ina kai wa Baffa shayi da safe, yana ce min, "Ko yaya Dattijuwa take a Kano," ina cewa, "Allah ya sa a dace, Baffa." Ku rubuta wannan a kaina, ba a kan Ukasha ba.

Rana dubu ta ɓarawo. Talata da hantsi ina ɗaki ina shafa mai, na sa doguwar riga ruwan toka, sai na ji muryar Goggo daga tsakar gida.

"Halimatu, fito nan."

In ta ce Halimatu to babu alheri. Na fito na tarar Baffa a kujerarsa ta roba, Goggo a tsaye da buhun yashi ya koma rabi, ga kaskon garwashi tazargade na hayaƙi, ga kofin rubutu a gefe.

"Shanye," in ji Goggo.

"Goggo lafiyata ƙalau."

"Haka duk wanda aka yi wa yake cewa. Yaya, ka ji abin da nake gaya maka. Mijin maƙwabciyarmu Mairo, mai acaɓar nan, da idonsa ya gani. Mai tartsatsin nan ya kwance ƙulli, kuma a tsohon ɗankwalina mai ruwan ƙwai aka ƙulle, ya ɗura ƙasar gidan nan a cikin ƙarfe, ya toshe gaba ya toshe baya, ya sa a wuta har ya yi ja, yana motsa baki, sannan ya taka da ƙafa ya lanƙwasa. Wa ya lanƙwasa in ba yarinyar nan ba? Yarinya da karatunta, ga ɗan'uwanta kamili, ta ce sai mai ƙona ƙarfe? Ni dama na san ba haka kawai ba."

Wallahi da ba rayuwata ake yankawa ba da na yi dariya. Motsa bakin nan ƙirga daƙiƙu yake yi.

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ban cika yarda da irin wannan ba, Dela. Amma ƙasar gidana ba ta da ƙafa. In har yaron nan yana bin malaman tsibbu a kan 'yata, to magana ta ƙare, ba sai an kai Juma'a ba."

Nan na ga abin da nake jira wata guda zai tafi a hayaƙin tazargade. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni na ɗiba. Ni nake kai masa. Aiki yake yi da shi."

Goggo ta tafa hannu. "Ka ji ko? Har ya sa ta tana kai masa da kanta. Wannan ai ya gama da ita."

Na yi bayani, na maimaita, na zana da yatsa a ƙasa. Baffa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Gani ya kori ji. Ɗauko min babbar rigata. Dela, sa mayafinki."

A bayan Keke Napep ina tsakiyarsu na ɓoye waya a hijabi na rubuta wa Ukasha:

"Muna tafe da Baffa. Ɓoye motar."

Ya amsa: "Ba ta da tayar gaba. In goya ta?"

"Ukasha don Allah."

"Na rufe da tamfol. Amma in ya tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

Gaba kura baya sayaki. Na sa wayar a cinya ina jin Goggo na karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa.

Ukasha ya tare mu a bakin rumfa, ya wanke hannu amma baƙin bai fita ba, ya durƙusa ya gaida Baffa, ya gaida Goggo. Ita ta amsa da hanci. Baffa ya ƙi kujera.

"An ce kana dafa ƙasar gidana."

"Haka ne, Baba. Ban nemi izini ba, na yi kuskure. In ka yarda in nuna maka amfaninta."

Ya ɗauko bututu biyu masu tsawo ɗaya. Na farko ya gasa shi haka nan babu komai a ciki, ya lanƙwasa, nan take ya lotse ya tsage a gwiwa. Na biyu ya cika da yashi yana bubbuga shi don ya zauna, ya toshe, ya gasa, ya sa a tsakanin turaku biyu ya ja a hankali. Ƙarfen ya bi shi ya yi baka, babu ko tamoji. Ƙamshin gyaɗa ya tashi.

Baffa ya karɓi na farkon da ya huce yana juyawa. Goggo kuwa hancinta ne ya fara tuba.

"Wannan ai ƙamshin suyata ne."

"Goggo, na gwada yashin gini, na gwada na bakin dam," in ji Ukasha. "Babu kamar naki. Ban san yadda kike yi masa ba."

"Sau uku nake tankaɗewa," in ji ta, tana gyara mayafi. "Kuma ba kowane rafi ba. 'Yan yanzu ina suka san wannan." Sai kuma ta tuna da kanta ta haɗe rai. "Ina ɗankwalina?"

Baffa ya ajiye bututun ya ce, "Dela, wannan sana'a ce, ba tsibbu ba." Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina shi ke nan, a juya a tafi gida, Allah na gode maka.

Goggo ba ta juya ba. Ɗankwalinta take nema, kuma a ganinta duk abin da aka rufe a wurin mai tartsatsi akwai dalili. Kafin in yi motsi ta kama gefen tamfol ta yaye.

Ga Dattijuwa a kan bulo, babu fitila, babu bamba, babu bonet, inji a waje, bututu sun zagaye shi kamar kejin kaji. Goshinta na asali na jingine a bango, an datse shi gida biyu.

Baffa ya matso. Ya taka a hankali ya leƙa ta taga. Ya sa hannu ya ciro carbinsa daga madubi. Ya daɗe yana kallon kujerar baya.

"Wa ya kawo maka ita?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Wanda ya kawo ta daban, Baba, wanda ya aiko shi daban. Da na yanka ban san taka ba ce. Daga baya na sani."

"Yaushe?"

"Kwana goma sha takwas."

"Kuma ka yi shiru ba ka faɗa min ba."

Ukasha bai kalle ni ba. Ya ce, "Na yi shiru." Zai ɗauka shi kaɗai ke nan.

Daidai nan wayata ta yi motsi. Yaya Musaddiƙ ne: "An ce kun fita da Baffa. Ina kuka je?" Wani saƙon ya biyo: "Kika buɗe baki kan motar nan, hotonki na shiga guruf ɗin 'yan gida yanzu." Ya haɗo da hoton, don kada in manta kamannina.

Na kalli Ukasha a durƙushe cikin ƙurar ƙarfe, na kalli wayar. Na miƙa wa Baffa ita a buɗe da hannu biyu.

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Baffa ba ya karatu da sauri, kowace kalma sai ya motsa mata leɓe. Ya karanta, ya kalli hoton, ya buɗa shi da yatsa biyu yadda na koya masa. Goggo ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Wannan wane ƙato ne?" Da ta gane atamfar sai ta nemi bulo ta zauna.

Wayar ta fara ringi a hannunsa. Yaya ne. Baffa ya ɗauka.

"Ke, ba ki ga saƙona ba?" Duk muka ji, don murya ce ta fili, ba ta nafila ba.

"Na gani, Musaddiƙ," in ji Baffa a hankali. "Yaya Kano? Yaya jikin Dattijuwa?"

Sai layin ya mutu. Da a wani wurin ne da na yi guɗa.

Baffa ya matsa jikin bututun da ke goshin motar ya ce min, "Wanne ne naki?"

Na nuna masa gaɓa biyun. Ya shafa ɗinkin waldar da babban yatsa, ya shafa na kusa da shi na Ukasha.

"Naki ya fi kyau," in ji shi. "Karatun bai tafi a banza ba. Ɗana ya sata, 'yata ta ɗinke, da yashin ƙanwata. Aikin gida ne ashe." Ya juya ga Ukasha. "Za a iya mayar mata da goshinta?"

"Zan iya liƙawa, Baba. Amma ba za ta koma yadda take ba."

Baffa ya gyaɗa kai. "A kujerar nan na kai Abbanki asibiti, Sa'adiyya. A kujerar nan na ɗauko ki da akwatinki kina kuka, na ce ki yi shiru ga wani uban." Ya naɗe carbin a hannu. "Musaddiƙ nawa ne, na san abin da zan yi da shi. Shi wannan ya yanka bai sani ba, kuma na ga wanda yake rufa wa asiri. Ke ce kika san ko ta wace ce, kina kawo min shayi, ina tambaya kina cewa Allah ya sa a dace."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ukasha."

"Na'am, Baba."

"Juma'a ka turo manyanka. Ban ga tsibbu ba, na ga sana'a, ba zan hana ka ba."

Zuciyata ta yi tsalle, kunyar da komai. Sai ya ƙarasa.

"Za a yi musu shimfiɗa, a ba su ruwa, sannan a kwatanta musu gidan ƙanena Sama'ilu a Kanya Babba. Shi ma baffanta ne, shi zai ba da ita. Mai ba da aure shi ne wanda 'ya take gaya wa gaskiya."

"Baffa," na ce.

Ya miƙo min wayata, ya tattara babbar rigarsa ya shiga Keke Napep. Goggo ta bi shi, ta ma manta da ɗankwalin.

Baffa Sama'ilu sau biyu na taɓa ganinsa a rayuwata, ɗaya a wurin zaman makokin Abbanmu. Masu ce min in bi manya, da masu ce min in bi zuciya, duk ga ni na samu abin da na roƙa. Ukasha ya turo saƙo tun jiya: "In fasa turo su har ya huce?" Ban amsa ba. Yaya Musaddiƙ tun Talata ba a ga ƙeyarsa ba, an ce yana Gwiwa wurin aboki.

Jiya da safe na haɗa shayi yadda Baffa yake so, citta da yawa, sukari cokali ɗaya, na kai masa. Ya ce, "Ajiye nan, na gode," irin godiyar da ake yi wa baƙo. Da azahar na ɗauke kofin a cike. Yau Alhamis ma haka. Bayan la'asar na leƙa na gan shi a rumfar da Dattijuwa take kwana, da ƙyallen goge mota a hannu, yana tsaye. Na ɗora wani ruwan a wuta. Gobe Juma'a, kuma kafin baƙi su iso zan sake kai masa.